Idan GPL ya ja da baya, me zai rage na 'yancin Linux?

MaiSabar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni daɗewa a wannan harka. Kamar yadda wasunku suka sani, Ubuntu 25.10, wani nau'in babbar manhajar Linux da ya fito a watan Oktoban 2025, ya ajiye yawancin ƙananan umarnonin GNU (aikin rubuta manhaja mai 'yanci) da muke bugawa kullum, irin su ls, ya maye gurbinsu da na uutils waɗanda aka sake rubutawa da yaren rubuta manhaja na Rust. Hujjar da aka bayar ita ce tsaro, domin Rust yana toshe wasu kurakurai da yaren C ya saba bari su wuce, kuma ba ni da ja a kan wannan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lasisi. Umarnonin GNU suna ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk wanda ya rarraba manhaja, ko ya gyara ta ko bai gyara ba, ya bayar da rubutun tushenta, wato asalin rubutun da aka gina ta da shi. Na uutils kuwa suna ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya yarje wa kowa ya ɗauka, ya gyara, ya rufe, ya sayar, muddin bai goge sanarwar masu haƙƙin mallaka ba. Idan aka ci gaba da cire sassan GPL ɗaya bayan ɗaya ana sa masu sassauci a madadinsu, shin nan da shekara ashirin za mu ci gaba da riƙe babbar manhaja mai 'yanci, ko za mu wayi gari harsashin gini a buɗe amma ɗakunan duk a kulle?

Bafaden_BSD:
Wa alaikumus salam. Malam MaiSabar, wannan fargaba taka ta girmi da yawa daga cikin mutanen wannan zaure. Tun 1993 ake da manyan manhajojin FreeBSD da NetBSD, OpenBSD kuma ya biyo bayansu ba da jimawa ba, dukkansu a kan lasisi mai sassauci irin wanda suka gada daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma har yau babu wanda ya iya rufe su. Kamfanin Sony ya gina babbar manhajar PlayStation 4 a kan FreeBSD, ya riƙe abin da ya ƙara, amma FreeBSD ɗin da ke kan kwamfutata bai ragu da layi ko ɗaya ba. Netflix kuwa, wanda ke amfani da FreeBSD a na'urorin da ke tura bidiyo ga masu kallo, yana mayar da gyare-gyarensa ba tare da wani lasisi ya tilasta masa ba, saboda riƙe gyara a ɓoye wahala ce ga mai shi: duk lokacin da asalin ya ci gaba, sai ka sake ɗinka naka a kansa. Buƙatar kai ita ce ke sa kamfanoni mayarwa, ba tsoron lauya ba.

TsohonMalami:
Ya kamata mu fara tuna dalilin da ya sa aka rubuta GPL. Richard Stallman ya sanar da aikin GNU a 1983, ya kafa FSF, gidauniyar manhaja mai 'yanci, a 1985, sigar farko ta GPL ta fito a 1989, ta biyu a 1991, ta uku a 2007. Manufarsa ba ta tsaya ga inganta sana'ar rubuta manhaja ba, mai amfani da kwamfuta ne a gabansa. Ya lissafa 'yanci huɗu: ka yi aiki da manhaja yadda kake so, ka karanta yadda take aiki ka canja ta, ka ba wani kwafinta, kuma ka rarraba wadda ka gyara. Masu Turanci sun sha wahala wajen bayyana wannan, domin kalma ɗaya suke da ita ga abin da ba a biya ba da kuma abin da ba a ɗaure ba. Mu kuwa harshenmu ya hutar da mu, domin kyauta daban, 'yanci daban, kuma GPL bai taɓa hana sayarwa ba.

To, a nan ne na saɓa da Bafaden_BSD. Gaskiya ne FreeBSD ɗinsa bai ragu ba, amma yaron da ya sayi PlayStation 4 fa? Shi bai samu ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba, alhali abin da ke gudana a na'urarsa daga aikin jama'a aka ɗebo shi. Lasisi mai sassauci yana kare 'yancin mai haɗa kaya, GPL kuma yana kare na wanda kayan suka ƙare a hannunsa. Duk wanda zai zaɓi ɗaya, ya fara sanin wa yake so ya kare.

Mai_Gyaran_Kanel:
Ƙaramin gyara ga mai tambaya. Abin da Ubuntu ya canja kayan aiki ne na saman bene, ba kanel ba, wato zuciyar babbar manhajar da ke magana da na'ura kai tsaye. Kanel ɗin Linux yana ƙarƙashin GPL tun 1992, lokacin da Linus Torvalds ya sauya lasisin da ya fara sa masa, kuma yana kan siga ta biyu ita kaɗai har yanzu. Umarnonin GNU ɗin ma suna nan a rumbun Ubuntu ga wanda yake so ya mayar da su.

Ɗalibar_Shari'a:
Ina ganin akwai abin da ake yawan fahimta a karkace, kuma ya fara leƙowa a nan. GPL bai ce ka mayar da gyaranka ga marubutan asali ba. Abin da ya ce shi ne, idan ka ba wani manhajar, to shi wanda ka ba yana da haƙƙin samun rubutun tushe a kan lasisin nan dai. Saboda haka idan kamfani ya gyara Linux ya girka a na'urorinsa na cikin gida, bai miƙa wa kowa kwafi ba, babu abin da ke kansa, ko da mutane miliyan ne ke shiga shafinsa ta intanet. Wannan giɓi ne ya sa aka fitar da siga ta uku ta lasisin AGPL a 2007, wanda ya ce ko ta hanyar sadarwa mutane ke amfani da manhajar da ka gyara, dole ka ba su damar samun tushenta. Na kawo wannan ne domin a san cewa tun kafin zuwan uutils, babban ɓangare na kwamfutocin da ke gudanar da Linux a duniya ba su da wani nauyin bayyana komai.

Bakanike:
Ni dai bari in faɗi abin da na gani da idona, domin maganar lasisi a takarda daban take da yadda take a teburin gyara. Na sayi wata rauta, na'urar rarraba intanet a gida, a ƙarshen ɗan littafin da ke cikin kwalinta akwai shafi uku da aka buga GPL da ƙananan haruffa, da alkawarin cewa duk mai son rubutun tushe ya rubuto. Kamfanin ya daina sabunta ta bayan shekara biyu, sai na rubuta musu. Wata huɗu ina bibiya kafin su turo mini wani dunƙulallen fayil. Da na kwance shi, sai na tarar kanel ɗin yana ciki, amma babu fayil ɗin saiti da aka harhaɗa shi da shi, direban rediyon kuma a rufe yake, ba rubutu ba ne. Na kwana uku ina ƙoƙarin harhaɗawa, daga ƙarshe na samu wani abu ya fito, na jona waya a ƙafafun gwaji da ke kan allon na'urar, na tura shi. Rautar ta karɓa, ta duba ko akwai sa hannun kamfanin a kan manhajar, ta ƙi tashi. Rubutun yana hannuna, na'urar tawa ce da kuɗina, amma ba zan iya haɗa su ba. Tun ranar na daina ɗaukar cewa GPL shi kaɗai ya isa.

Gizo_Gizo:
Malam Bakanike, abin da ya same ka abin takaici ne, amma kada mu manta cewa irin wannan matsin lamba ya taɓa haifar da ɗa mai ido. A 2003 aka gano cewa rautar Linksys WRT54G tana gudana da Linux, aka matsa wa kamfanin har ya saki tushen, daga nan OpenWrt, buɗaɗɗen tsarin gudanar da rautoci, ya samo asali a 2004, kuma yau ɗimbin rautoci na kamfanoni daban-daban suna rayuwa da shi bayan masu ƙera su sun yi watsi da su. A 2004 ɗin kuma wata kotu a birnin Munich na Jamus ta tabbatar da ƙarfin GPL a ƙarar da Harald Welte ya shigar. Da a ce lasisin MIT ne a kan kanel, da wace hujja za a je gaban alƙali?

Bafaden_BSD:
Da babu hujja, na amince. Amma ku dubi yadda labarin ya ƙare. Bayan ƙararrakin da aka yi a kan BusyBox, tarin ƙananan umarnoni mai lasisin GPL, daga 2007, sai aka ga Toybox, mai irin aikinsa, ya bunƙasa a kan lasisi mai sassauci, kuma shi Android ya ɗauka tun siga ta shida. Wanda ya rubuta Toybox, Rob Landley, shi ne fa ya taɓa riƙe ragamar BusyBox. Apple ya tsaya a kan bash 3.2, manhajar da ke karɓar umarnoni, shekara da shekaru saboda sigogin da suka biyo baya sun koma GPL na uku, har ya mayar da takwaransa zsh ya zama na farko a 2019. FreeBSD ya bar GCC, manhajar harhaɗa rubutun tushe mai lasisin GPL, ya koma Clang mai lasisi mai sassauci a siga ta goma. Duk lokacin da aka ƙara ɗaure igiya, sai kamfanoni su biya a rubuta wani sabo da babu igiya a kansa. Wannan ba ra'ayina ba ne, abin da ya faru ke nan.

Jar_Hula:
Kuna ta magana a kan ƙananan na'urori, alhali babbar jarrabawar GPL a wannan zamani ta faru ne a wajen Red Hat, kamfanin da ke sayar da nau'in Linux mai suna RHEL. IBM ya sayi kamfanin a 2019 a kan dala biliyan 34. A Disamban 2020 aka sanar cewa CentOS 8, kwafin RHEL na kyauta, zai ƙare a ƙarshen 2021, abin da ya haifar da Rocky Linux da AlmaLinux domin maye gurbinsa. Sannan a watan Yunin 2023 Red Hat ya daina ajiye tushen RHEL a bainar jama'a yadda ya saba, ya bar shi ga abokan cinikinsa, ya bar CentOS Stream, inda ake shirya RHEL mai zuwa, a buɗe. Kamar yadda Ɗalibar_Shari'a ta bayyana, lasisin bai wajabta ba wa duk duniya ba. Abokin ciniki yana da haƙƙin rarraba tushen da aka ba shi, shi kuma kamfanin yana iya daina hulɗa da shi. Jama'a suka yi ta ce-ce-ku-ce, CIQ da Oracle da SUSE suka kafa ƙungiyar OpenELA a watan Agustan shekarar domin samar da irin wannan tushe a buɗe, AlmaLinux ya canja salonsa. Ni ina ganin Red Hat yana da uzuri, domin yana cikin masu biyan albashin injiniyoyi da yawa da ke aiki a kan kanel da GNOME da systemd, kuma ba daidai ba ne wani ya kwafe aikinka kaf ya sayar da tallafi a kansa. Amma ko ma mene ne ra'ayin mutum, an ga cewa ana iya bin harafin GPL a kauce wa ruhinsa.

TsohonMalami:
Malam Jar_Hula, kalmar uzuri ta yi mini nauyi. Shi ma Red Hat a kan aikin dubban mutane da bai biya ba ya gina kasuwancinsa, kuma lasisin da ya ba shi wannan dama shi ne ya ba Rocky tasa. Wanda ya hau tsani ba ya janye shi idan ya kai sama.

Ɗalibar_Shari'a:
Akwai wani al'amari da na ga babu wanda ya taɓo, kuma a ganina ya fi sunan lasisin muhimmanci: wa ke riƙe da haƙƙin mallaka? Lasisi izini ne da mai abu ya bayar, shi kuma mai abu ba ya buƙatar izinin kansa. Kamfanin Sun ya buɗe tushen babbar manhajarsa Solaris a 2005 da sunan OpenSolaris a ƙarƙashin lasisin CDDL, wanda shi ma yana da sharaɗin bayyana gyara. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, a cikin shekarar ya daina fitar da OpenSolaris, kuma babu dokar da ya karya, domin haƙƙin a hannu ɗaya yake. Abin da aka riga aka saki dai ba ya komawa, shi ya sa wani reshe mai suna illumos ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Ku kwatanta da Linux. Duk wanda ya tura gyara cikin kanel yana riƙe da haƙƙin abin da ya rubuta, sa hannu kawai yake yi cewa yana da ikon bayar da shi, tsarin da aka shigo da shi a 2004. Masu haƙƙin dubbai ne, wasu kamfanoni, wasu ɗaiɗaikun mutane, wasu ma sun rasu haƙƙin ya koma ga magadansu. Ko Torvalds da kansa ya so rufe kanel gobe, ba shi da hanyar tattara yardar waɗannan duka. Don haka idan na ga sabon aiki, kafin in duba ko GPL ne ko MIT, ina duba ko ana sa masu ba da gudummawa su sa hannu a yarjejeniyar da ke ba kamfani ɗaya ikon canja lasisi.

Mai_Gyaran_Kanel:
Domin adalci, ita ma FSF ta daɗe tana neman a miƙa mata haƙƙin mallaka a manyan ayyukan GNU, da hujjar cewa hakan zai sauƙaƙa kare lasisin a kotu. Masu kula da GCC sun sassauta wannan sharaɗi a 2021. Bambancin shi ne ita gidauniya ce ba ta neman riba, amma tsarin tara haƙƙi a hannu ɗaya iri ɗaya ne.

Rumbun_Bayanai:
Maganar Malama Ɗalibar_Shari'a ta yi daidai da abin da muka gani a fagenmu na manhajojin sabar. MongoDB ya koma lasisin SSPL, wanda ya tsaurara wa masu ba da hayar manhajar sharaɗi, a 2018, Elastic ya bi sahu a 2021, HashiCorp ya canja na Terraform a 2023, Redis kuma a watan Maris na 2024. Dukkansu kukansu ɗaya ne, wai manyan masu ba da hayar sabar suna cin riba da aikinsu ba sa mayar da komai. Kowane daga cikin ukun ƙarshe ya haifar da reshe da ya ɓalle: OpenSearch, OpenTofu, Valkey. Abin mamaki kuma, Elastic ya dawo ya ƙara AGPL a 2024, Redis ma ya yi haka a 2025. Ku lura cewa Redis a kan lasisin BSD yake kafin canjin, MongoDB kuwa a kan AGPL, wato mai sassauci da mai tsauri duk an canja su.

Marubuciyar_Dare:
Ni ba lauya ba ce, ina dai kula da wata 'yar ƙaramar manhaja da na rubuta shekara bakwai da suka wuce, mai karanta fayilolin saiti. Na sa mata MIT ne ba don wata aƙida ba, sai don na ga shi ne gajere, kuma an gaya mini kamfanoni suna gudun GPL. Wata rana na buɗe akwatin saƙona na tarar da takarda daga sashen tsaro na wani babban kamfani da ban taɓa hulɗa da shi ba, ɗauke da tambayoyi sama da arba'in, ana so in amsa cikin kwana biyar, ana kira na mai samar musu da kaya. Ta nan na san manhajata tana cikin abin da suke sayarwa. Ban ji haushin amfani da ita ba, ni na ba da izini. Abin da ya ba ni haushi shi ne sun gyara wani kuskure a nasu kwafin, ba su taɓa turo mini gyaran ba, sai ga shi cikin tambayoyin suna neman sanin yaushe zan gyara shi a nawa. Da GPL ne, aƙalla da abokan cinikinsu sun iya ganin gyaran. Amma kuma da GPL ne, wataƙila da ba su ɗauka ba tun farko, kuma har yau ban yanke wa kaina wanne ya fi ba.

Gizo_Gizo:
Wannan ya tuna mini da Andrew Tanenbaum, wanda ya rubuta babbar manhajar MINIX. A 2017 ya rubuta wa Intel buɗaɗɗiyar wasiƙa bayan ya ji daga kafofin labarai cewa MINIX 3 ne ke gudana a wani ɓoyayyen sashe na kayan kamfanin da ke cikin kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Lasisin BSD bai wajabta a sanar da shi ba, kuma shi da kansa bai yi nadamar zaɓinsa ba.

Sai dai labarin Marubuciyar_Dare ya fi kai ni ga xz, manhajar matse fayiloli. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'ura ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a xz 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa mai kula da aikin, wanda gajiya ta yi masa yawa, har aka amince masa. Babu lasisin da zai hana wannan. Kuskuren tsaro na Heartbleed ma a 2014 ya nuna yadda duniya ta jingina da OpenSSL, manhajar ɓoye sirrin sadarwa, alhali mutane ƙalilan ne ke ɗauke da shi.

MaiSabar:
Na gode da duk waɗannan, na ƙaru sosai, amma mun ɗan yi nisa da tambayata. Na yarda kanel ba zai canja lasisi ba, na kuma yarda tun Nuwamban 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi. Ba mutuwar Linux nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne ya yi nasara a ko'ina, mai amfani kuma ya tashi a tutar babu.

Bakanike:
Ai ba sai ka jira shekara ashirin ba, Malam, ka duba aljihunka. Android kanel ɗin Linux ne a ƙasa, abin da ke samansa yawanci lasisin Apache 2.0 ne mai sassauci, ayyukan Google Play kuma da manhajoji da yawa suka dogara da su a rufe suke. Wayoyi da dama ba sa barin ka buɗe makullin tayar da su, idan kuma ka buɗe, wasu manhajojin banki su ƙi aiki. Wannan shi ne abin da kamfanin TiVo ya yi da na'urorinsa na naɗar shirye-shiryen talabijin, wanda GPL na uku ya zo ya hana a kayan da ake sayar wa jama'a, ta hanyar wajabta ba da bayanin girka manhajar da aka gyara. Torvalds bai yarda da wannan sharaɗi ba, a ganinsa a dawo masa da rubutu ya wadatar, abin da mai ƙera na'ura ya yi da ƙarfensa ba huruminsa ba ne. To, umarnonin GNU da ka fara magana a kansu suna kan GPL na uku. Cire su yana nufin an cire ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da suka rage masu hana a kulle na'ura gaba ɗaya. Ban ce wannan ce niyyar masu Ubuntu ba, amma sakamakon bai damu da niyya ba.

Bafaden_BSD:
A wannan gaɓar ba zan yi musu ba, kulle na'ura matsala ce ta gaske. Sai dai ina shakkar ko lasisi ne maganinta, tunda mai ƙera waya zai iya kauce wa duk abin da ke ɗauke da GPL na uku, kuma yana yi. Wataƙila dokar ƙasa ce za ta fi tasiri, irin dokokin haƙƙin gyara kaya da ake ta fitarwa a Tarayyar Turai da wasu jihohin Amurka.

Ɗalibar_Shari'a:
Malam Bakanike, game da rautarka: siga ta biyu ta GPL ta bayyana cewa cikakken tushe ya haɗa da rubutun da ake amfani da shi wajen sarrafa harhaɗawa da girkawa, don haka fayil ɗin da aka turo maka ba tare da saitin kanel ba yana da naƙasu, kuma kana da hujjar sake rubuta musu. Abin da aka saba shi ne mai haƙƙin mallaka ne ke kai ƙara, ba mai sayen kaya ba. A Oktoban 2021 ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta kai kamfanin Vizio ƙara a Kalifoniya a matsayin wadda ta sayi talabijin ɗinsa, tana mai cewa mai saye ma yana cikin waɗanda aka yi alkawarin domin su. Idan kana da sauran ɗan littafin, ka duba ko alkawarin ya ambaci shekara uku, domin mafi ƙarancin wa'adin da lasisin ya gindaya wa rubutaccen tayi ke nan.

Bakanike:
Littafin yana nan, na duba, shekara uku aka rubuta, kuma saura wata biyar su cika daga ranar da na saya. Zan sake rubuta musu a daren nan in nemi fayil ɗin saitin. Sa hannun da ya hana ta tashi kuwa, wannan na san ba za su ba ni ba.